Shekarar da Na Goge Muryar Mahaifiyarku

Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu. Sau da yawa nakan ɗauki biro in sake ajiyewa, domin karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa wanda ya rasu maganar da bai faɗa ba. Abin da ya zaunar da ni yanzu shi ne maganar da ke Binta kika yi ranar sunan ɗiyarki, kina tsammanin ban ji ba. Kin ce wa ƙaninki Sadiku kowa yana da muryar mahaifiyarsa a waya, ku kuwa da ubanku ya yi sana'ar naɗar murya ba ku da ko tarin taku, kuma an gaya miki wai na goge ne don zan yi sabon aure. Ban ji haushinki ba. Gaskiya ne ni na goge, da hannuna. Amma ina so ku san yadda abin ya faru daga bakina, tun ina da sauran hankalin tunawa. Inda na manta zan ce na manta.

A lokacin ina da shagon gyaran rediyo da rakoda kusa da tasha a Birnin Kudu, ɗan ɗaki ne na langa-langa mai benci ɗaya. Ba a san wayar hannu ba tukuna. Wadda mijinta ko ɗanta ya tafi neman kuɗi Kudu, ko ya haye ƙasa mai tsarki ya zauna, in ba ta iya rubutu ba, sai ta ari rakoda ta shiga ɗaki ta faɗi duk abin da ke ranta a kaset, a ba direba ko wani matafiyi ya kai. Can ma haka za a naɗo amsa. Saboda haka rakoda ba ta hutawa a ƙauyukanmu, kuma kullum ana kawo mini su daga Kiyako, daga Basirka, har daga cikin Gwaram. Da yawa sai a manta da kaset a ciki. Ni kuwa in na buɗe na ga kaset, sai in zare shi in sa a leda in ɗaure a jikin rakodar, in gwada aikina da nawa kaset ɗin. Ban taɓa sauraron saƙon kowa ba. Maƙwabcin shagona, Garba tela, wannan hali nawa ne abin dariyarsa. Mutum ne mai barkwanci, yana iya kwaikwayon muryar kowa a tashar, daga ɗan kamasho har mai shayi.

"Kai dai Idi, Allah ya ba ka gidan labari ka rufe ƙofa," in ji shi. "Danna mana mu ji ko minti ɗaya ne."

"Amana ce, Garba."

"To tunda ba za ka ji na mutane ba, ƙirƙiro mana namu mana. Ga rakoda har ta yi maka yawa."

Da wasa ya faɗa, ni kuma abin ya zauna mini. Na fara rubuta wasa wanda duk a cikin shago irin nawa yake faruwa. Ni ne mai gyara, Garba ne maƙwabci mai shisshigi, kuma shi ne duk wanda ya shigo da rakoda. Ƙarar guduma da ta keken ɗinki da hon ɗin motoci ba sai mun nema ba, suna nan a bakin ƙofa. Matsalarmu ɗaya ce, muryar mace. Garba ya gwada, ya matse hanci ya siranta murya. Da na kai gida na kunna wa mahaifiyarku Rakiya, sai da ta ajiye muciya ta riƙe ciki don dariya.

"Malam, wannan ai akuya ce aka taka wa wutsiya. Kuma wa ya gaya maka mace tana cewa mijinta 'ina mai sanar da kai'? Wasiƙar hakimi ce?"

"To yaya take cewa?"

Sai ta gyara zama, ta kalli bango kamar mijin yana can, ta faɗi abin da na rubuta da irin nata kalmomin. Ban san tana da wannan baiwa ba sai ranar, ga shi har mun haifi Binta da Sadiku.

Mahaifiyarku tana cikin kulle, ba za ta zo shago a tasha ta zauna cikin maza ba, ni ma ba zan so ba. Na yi kwanaki ina juya abin, har dabara ta zo mini: in sake rubuta wasan yadda matar ba za ta taɓa shigowa shagon ba, muryarta daga cikin rakodar da aka kawo gyara kawai za ta riƙa fitowa. Labarin ya zama na wata mata da na sa wa suna Asabe, wadda ta naɗa wa mijinta saƙo yana can Kudu yana sayar da albasa, kaset ɗin ya maƙale a rakoda, aka kawo gyara, mai rakodar kuma bai dawo ba. Mai gyara da maƙwabcinsa suna ta gardama, a saurara ko kada a saurara, a nemi mijin ko a bari. Duk lokacin da aka danna, sai a ji wani yanki na maganarta. Haka muka riƙa aiki. Bayan azahar, in maƙwabta sun gama daka, sai in dawo gida da ƙaramar rakoda, mu rataya bargo a ƙofar ɗaki, ta yi nata. Washegari in kunna muryarta a rakoda ɗaya a shago, ɗayar tana naɗa, ni da Garba muna amsawa. In zakara ya yi cara a tsakiyar maganarta nakan ce a sake, ita kuma ta ce a bari, ai gidan Asabe ma akwai kaji.

Kafin mu fitar da shi sai da na hau mota na tafi Zandam, garinsu, domin hankalina ya ƙi kwanciya. Mahaifinta ya riga ya rasu, saura Inna, kakarku. Ku kun san Inna da tsufa, tana wasa da ku. Ba ku san yadda take da mahaifiyarku ba. Rakiya ce 'yarta ta fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan" ko "waccan". Ba ta yabonta, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane, ko ɗaki ɗaya ba sa daɗewa tare. Ni kuma surukinta ne, ba ma haɗa ido. Na tsuguna a bakin ƙofa, tana ciki bayan labule, na yi mata bayani ina ta maimaitawa, na ce ba za a ambaci sunan Rakiya ba, ba kuma waƙa ba ce.

"Ni me na sani a ciki?" in ji ta. "Tana hannunka. In ba saɓon Allah ba ne, ku kuka sani."

Da wannan na dawo. A ranar da muka naɗi ƙarshen saƙon Asabe, mahaifiyarku ta gama abin da na rubuta, na kai hannu zan kashe, sai ta ɗaga mini yatsa ta ci gaba. Ta ce: "Kuma in ka ga mai zuwa wajenmu, a gaida Inna. A ce mata ina nan lafiya, kada ta sa damuwa, ina tunaninta kullum." Na ce wannan ba ya cikin rubutu, kuma ai Asabe tana gari ɗaya da uwarta, labarin zai karkace.

"Bar shi, Malam," ta ce. "Ba wanda zai lura. Ita kuma ba ta da rakoda, ba ji za ta yi ba."

Na bar shi. Wasan ya karɓu fiye da yadda muka zata. Nakan kwafa a rakoda mai baki biyu in ba masu sayar da kaset, direbobi kuma suka ɗauka. In ka hau motar Gwaram ko ta Basirka, da wuya ka sauka ba ka ji Garba yana cewa "danna mana mu ji" ba, fasinjoji suna dariya, in Asabe ta fara magana kuma motar ta yi tsit. Mata suna aiko yara su tambaye ni ko mijin ya samu saƙon. Ba wanda ya san mai muryar sai ni da Garba da 'yan gidan su Rakiya. Ita kuwa in na dawo sai ta tambaye ni me aka ce, in faɗa mata, ta rufe fuska da mayafi tana murmushi. Ina jin ba mu taɓa jin daɗin zama kamar na wannan damina ba.

Da kaka ta yi, ciwon shawara ya kama ta. Mun yi na gida, mun je asibiti, idanunta suka yi ɗorawa, jikinta ya zube. Ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Binta kina da wayo kaɗan, Sadiku bai daɗe da yaye ba. Inna ta zo zaman makoki, ta zauna a kusurwa da carbi, mata suna kuka ita ba ta zubar da hawaye ba. In an yi mata gaisuwa sai ta ce, "Sai haƙuri, yarinyar mutane ce," kamar ita ce ta zo yi wa wasu ta'aziyya. Ni a wannan lokaci ban ko tuna da kaset ba. Shagon ma a rufe yake.

Bayan sadakar arba'in, ƙanin mahaifiyarku Hamisu, kawunku, ya zo ya same ni. Ya ce Inna na kira, kuma kafin mu tafi gara in san abin da ya faru. Shi da Inna sun shiga mota daga Gwaram za su dubo wata 'yar'uwa, motar cike, direba ya tura kaset. Hamisu ya ce da ya ji muryar Garba ya gane, ya fara ƙoƙarin miƙa hannu gaba ya ce a kashe, amma yana can baya a matse, kwandasta kuma yana ta hayaniyar canji. Sai muryar ta fito. Ya ce Inna ta ɗago kai tana waige-waige. Da aka zo wurin "a gaida Inna, a ce mata ina nan lafiya", sai ta miƙe tsaye a cikin motar har kanta ya bugi rufi, ta ƙwala kira, "Rakiya! Rakiya!" Sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Aka tsayar da mota a bakin hanya, aka fito da ita ana yi mata fifita, mutane sun kewaye ta, wasu na cewa aljanu ne. Tun daga ranar ba ta fita ko ƙofar gida ba.

Na je na tsuguna inda na saba. Inna tana bayan labule. Da ta yi magana, muryarta a dishe take.

"Malam Idi, yarinyar nan tana kwance a makwancinta, amma tana yawo a motoci ana dariya."

"Inna, ba ita ake yi wa dariya ba."

"Na sani. Ina roƙonka don Allah ka tattaro ta. Kada a sake jin ta ko'ina."

"Har da wanda ke wajena a gida? Na asalin?"

"Duka. In akwai ɗaya, wani zai kwafa."

"Na yi alkawari, Inna. Duka."

Ni na tambaya, ita ta amsa, ni kuma na ɗauki alkawari da bakina. Na rubuta wannan dalla-dalla don kada wani cikinku ya ce an tilasta mini, ko ya ce ban fahimce ta ba.

Ranin wannan shekara a kan hanya na yi shi. Na fara da masu sayar da kaset, na karɓe abin da ya rage. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya a tasha, wanda ya ba ni nasa in ba shi sabon kaset, ko in gyara masa rediyon mota kyauta. Na bi kasuwannin ƙauye a bayan babur, Kiyako, Basirka, Zandam, da wasu ƙananan garuruwa da ban taɓa takawa ba, ina tambayar masu shayi da masu aski wa ke da wasan Asabe. Wasu da sun ji dalili sai su miƙo ba musu, har su yi mata addu'a. Wasu sai na koma sau biyu. Wata tsohuwa a Basirka ta ce ba za ta bayar ba sai na gaya mata ko mijin ya dawo, na ce ya dawo, ko da yake ban taɓa rubuta wannan ba, kuma har yau wannan amsa tana damuna. In na kwanta sai in tuna wani da na taɓa gani da kaset ɗin, in kasa sukuni sai na je. Garba ya raka ni wasu wuraren, alhali aikinsa ne shi ma nake tattarawa, bai taɓa yi mini ƙorafi a kan nasa ba. A kan abu ɗaya kawai muka saɓa.

Ban ƙona kaset-kaset ɗin ba, don akwai sallama da sunan Allah a ciki, kuma na ga yadda yara ke jan zaren kaset a bola suna wasa. Gogewa na yi. In sa kaset, in cire makirfo, in danna jan maɓalli, ya yi ta juyawa yana naɗar shiru a kan abin da ke ciki. Na rage ƙarar gaba ɗaya don kada in ji. Ranar da na zo kan na asalin, wanda muka naɗa a ɗaki da bargo a ƙofa, Garba ya bar kekensa ya shigo ya dafe rakodar.

"Idi, wannan kam a'a. Ba ni in ajiye a gidana. Ba kai ka ɓoye ba, ni na ɗauke."

"Na ce mata duka."

"Tsohuwa ce cikin zafin rashi. Yaran nan fa? Gobe su tambaye ka yaya uwarsu take magana, ka ce me?"

"In na bari, duk ranar da na gaishe ta ƙarya nake yi mata."

"To yi ƙaryar mana! Kai kaɗai ne ba ka taɓa yi ba a garin nan?"

Ya ga ba zan saki ba, ya ɗauke hannunsa ya fita. Na ji ya zauna a kan kekensa amma ban ji ɗinki ba. Na danna. Ban saurara ba ko sau ɗaya kafin in goge, don na san in na ji ba zan iya ba. Daga ranar ban sake rubuta wasa ba, Garba ma bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Auren da na yi kuwa sai bayan shekaru, lokacin Binta har kin shiga makaranta, kuma matar ba ta taɓa sanin akwai wani kaset ba sai da na gaya mata.

Na koma Zandam na shaida wa Inna an gama. Ta ce Allah ya yi albarka. Ta ci gaba da fita, ta ci gaba da karɓarku hutu, na ɗauka magana ta ƙare.

Shekaru suka wuce, kaset ya daina tafiya, shagona ya koma gyaran waya da tura waƙoƙi a memori. Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. A ciwonta na ƙarshe na je dubiya, sai ta ce in shigo ciki. Ban taɓa shiga ɗakinta ba sai ranar. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta sa aka fitar da jikoki, ta juyo fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Malam Idi, abin nan na yarinyar nan. Kawo mini in ji."

Na ce, "Wanne, Inna?" ko da yake na gane.

"Inda take gaishe ni. Ranar ban ji da kyau ba, ihu na yi. Ban ji ƙarshen ba."

"Inna, ai na goge. Kin ce duka."

"Na ce duka. Amma na asalin fa, wanda ka ɓoye?"

"Ban ɓoye ba."

Can ta ce, "Duk shekarun nan ina cewa yana wajenka. Na ce in na kusa tafiya zan roƙa, lokacin ba sauran kunya. Ai kowa zai ɓoye ɗaya, Malam Idi."

Ba faɗa ta yi mini ba. Ta ma ce in yafe mata wahalar da ta sa ni. Na ce zan iya faɗa mata kalmomin, don na haddace su. Ta ce to. Na faɗa mata da wannan murya tawa ta tsoho, a gaida Inna, a ce mata ina nan lafiya, kada ta sa damuwa, ina tunaninta kullum. Ta ce in sake, na sake. Ta ce, "Haka ta ce, kullum?" Na ce haka ta ce. Ta juya fuska bango. Ba ta kai wata ba ta rasu.

Wannan shi ne abin da ya faru. Har yau in na zauna ina auna shi, wata rana in ga Garba ne da gaskiya, wata rana in ga ba yadda zan yi in tsuguna a ƙofarta ina gaishe ta da kaset a ɓoye a ƙarƙashin gadona. Ban iya yanke hukunci ba, kuma ba na neman ku yanke mini. Abin da na tambayi malamai a kai shi ne ko alkawarin yana kaina har yanzu, suka ce tunda wadda na yi wa alkawarin da bakinta ta nemi ji, ya sauka.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, musamman mutanen Gwaram da Basirka da ƙauyukan da ke bakin hanyar, da tsofaffin direbobi da iyalansu. Na bi iyakar ƙoƙarina a wancan rani, amma a karo na farko a rayuwata ina fatan aikina bai cika ba. Wataƙila wani ya tafi da shi Kano ko Kudu kafin in zo, wataƙila wani ya ce mini ya ɓata alhali yana nan, kuma in haka ne na gode masa. Ku duba cikin tsofaffin akwatuna da kwallaye da buhunan da aka jefa a rumbu. Ba hoto a jikinsa, farar takarda ce kawai na manna na rubuta "Asabe" da jan biro, wataƙila ma ta ɓare. Ko zaren ya tsinke ko ya yi danshi kada ku jefar, kada kuma ku gwada kunnawa a tsohuwar rakoda ta cinye shi, ku kawo yadda yake, na iya haɗawa. In ba ku da shi amma kun san wanda ya taɓa riƙewa, ku gaya mini sunan garin, zan je. Ku tambayi Idi mai rediyo a tashar Birnin Kudu, in ba na nan ku bar saƙo wajen Sadiku. Yana goye a bayan mahaifiyarsa a wasu wuraren da muka naɗa, kuma bai san muryarta ba.